Yadda Ake Sa Emuletar Android Ta Yi Aiki Da Ƙarfin Kwamfuta Kai-Tsaye

Mai rubuta manhajar Android ba ya rabuwa da emuleta, wato wayar nan ta kwaikwayo da ke buɗewa a fuskar kwamfuta don a gwada manhaja ba sai an jona waya ta gaske ba. Sai dai sau da yawa takan zo da nauyin jiki. A danna maɓallin kunnawa, a zauna ana kallon baƙin sikirin, in ta samu ta tashi kuma sai a ja abu da linzami, hoton ya biyo baya yana jan ƙafa. Wani lokacin ma ba ta tashi sam, sai dai ta jefo saƙon da ke cewa "x86_64 emulation currently requires hardware acceleration!" Galibi laifin ba na ƙarancin ƙarfin kwamfutar ba ne. Ƙarfin yana nan, ba a dai buɗe wa emuletar hanyar kaiwa gare shi ba.

Kafin a taɓa komai yana da kyau a san abin da ake gyarawa. An gina emuletar Android ne a kan wata manhaja mai suna QEMU. Idan babu taimakon furosesa, QEMU takan ɗauki umarnin da Android ke bayarwa ta fassara shi zuwa wanda kwamfutar ke ganewa, sannan a aiwatar. Kamar mutum biyu ne da ke jin yare ɗaya amma aka tilasta musu yin magana ta bakin tafinta: saƙo zai isa, amma hirar minti ɗaya za ta cinye minti goma. Masu ƙera furosesa sun daɗe da magance wannan. Intel ta sa wa furosesocinta fasahar da ta kira VT-x, AMD kuma ta sa wa nata AMD-V, wadda a wasu wurare ake rubuta ta SVM. Aikin wannan fasaha shi ne ba da damar tafiyar da inji cikin inji, ta yadda Android ɗin kwaikwayo zai riƙa aika umarninsa kai-tsaye ga furosesa. Manhajar da ke tsare wannan ƙofa, tana raba lokacin furosesa tsakanin kwamfutar da baƙon injin da ke cikinta, ita ake kira haifabaiza.

Wannan shi ne rabin farko na gyaran. Rabi na biyu na zane ne: ko katin zane na kwamfuta ne zai zana fuskar wayar, ko kuwa a ɗora wa furosesa wannan aikin ma. Abubuwa biyu ne daban, kuma mutane kan cakuɗa su. Ana iya samun na farko yana aiki lafiya, na biyu yana kwance. Saboda haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma tsarin da za a bi yana da muhimmanci, domin wanda ya tsallake zuwa saitin zane alhali VT-x na kashe a cikin BIOS, wato saitunan tushe na kwamfuta da ake shiga kafin Windows ko Linux ya tashi, zai ɓata yininsa a banza.

Fara da tambayar emuletar kanta

Emuleta tana da umarnin da ke faɗa maka halin da take ciki. Da farko nemo foldar SDK, wato inda kayan aikin rubuta manhajar Android suke, har da emuletar. A Windows yawanci tana %LOCALAPPDATA%\Android\Sdk, a Mac tana ~/Library/Android/sdk, a Linux kuma ~/Android/Sdk. Idan an canja mata wuri, buɗe SDK Manager a cikin Android Studio, manhajar Google da ake rubuta manhajojin Android da ita, za ka ga adireshin a rubuce daga sama. Shiga ƙaramar foldar emulator da ke ciki ta tagar umarni, ka rubuta:

emulator -accel-check

A Mac da Linux, da PowerShell na Windows, sai ka fara da ./ kafin sunan. Amsar gajera ce. Idan ka ga lambar 0 tare da jimlar da ta ƙare da "is installed and usable", bayan sunan haifabaizan da ke aiki, wato WHPX ko AEHD ko KVM, to rabin farko ya kammala, ka wuce zuwa batun kwafin Android da na zane. A Mac za ka ga sunan Hypervisor.Framework. Duk wata amsa da ba wannan ba tana nufin da sauran aiki, kuma yawanci saƙon kan nuna inda matsalar take. Riƙe wannan umarnin, za ka koma kansa bayan kowane gyara.

Sai a duba ko fasahar inji cikin inji na kunne. A Windows danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Je shafin Performance, zaɓi CPU, ka duba ƙasa ta dama inda aka rubuta Virtualization. Idan ka ga Enabled, ba ka da aiki a BIOS. A Linux rubuta:

egrep -c '(vmx|svm)' /proc/cpuinfo

Sifili na nufin ko dai furosesan ba shi da fasahar, ko an kashe ta. Lamba sama da sifili alama ce mai kyau, amma ba ita ce hujjar ƙarshe ba, don a wasu kwamfutoci alamar kan bayyana alhali BIOS ya kulle ƙofar. Za mu ga yadda ake tabbatarwa a sashen Linux.

Shiga BIOS

Nan ne mutane suka fi jin tsoro, alhali abu ɗaya tak za a canja. Hanyar da aka saba ita ce danna wani maɓalli a daidai lokacin da kwamfuta ke tashi: F2 a yawancin Dell da Acer, F10 a HP, F1 a ThinkPad na Lenovo, Del ko F2 a kwamfutocin tebur masu allon ASUS ko MSI ko Gigabyte. Kwamfutocin yanzu suna tashi da sauri har mutum ya rasa damar dannawa, don haka akwai hanya mafi sauƙi. A Windows riƙe Shift ka danna Restart, sannan ka bi Troubleshoot, Advanced options, UEFI Firmware Settings. A Linux mai systemd kuma umarnin systemctl reboot --firmware-setup zai kai ka can kai-tsaye.

Kafin ka shiga, idan an kulle faifan kwamfutarka da BitLocker, tabbatar kana da lambar ceto a hannu. Canji a cikin BIOS kan sa Windows ta nemi wannan lambar a wasu lokuta, kuma ba lokacin da sikirin ya koma shuɗi yana tambaya ba ne za a fara nemanta.

A ciki, sunan saitin ya danganta da kamfani. A kwamfutar Intel nemi "Intel Virtualization Technology" ko "VT-x", a ta AMD nemi "SVM Mode". Yakan ɓuya a ƙarƙashin Advanced, ko CPU Configuration, ko Security, a wasu alluna ma har cikin sashen ƙara wa furosesa gudu. Mayar da shi Enabled, ka ajiye canjin, yawanci da F10, ka fita. Za ka iya cin karo da wani mai kama da shi, VT-d a Intel ko IOMMU a AMD. Wannan na miƙa wa baƙon inji na'urori ne kai-tsaye, emuleta ba ta buƙatarsa, kunna shi kaɗai kuma ba zai magance komai ba. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce kuma an sa wa BIOS kalmar sirri, sai a nemi masu kula da ita.

Windows, inda ruɗanin ya fi yawa

Dalilin ruɗanin shi ne an yi haifabaiza uku a tarihin emuleta a kan Windows, kuma bayanan dukkansu na nan warwatse a intanet, tsoho da sabo a gauraye. Na farko shi ne HAXM na Intel. Shekaru da dama shi ne abin da kowa ke girkawa, amma Intel ta daina ci gaba da shi a watan Janairun 2023. Duk jagoran da ya ce maka ka sauke HAXM, ka san ya tsufa. Na biyu shi ne AEHD, direban da Google ta samar, wanda da farko na furosesan AMD ne kawai kafin daga baya ya haɗa da na Intel. Na uku shi ne WHPX, wato Windows Hypervisor Platform na Microsoft, wanda ya zo tare da Windows 10 sigar 1803 a shekarar 2018.

Shawarata ita ce WHPX, kuma shi Google ma ke nuna wa mutane yanzu. Ga dalili. Fasahar VT-x ba ta karɓar masu gida biyu a lokaci guda. Idan haifabaizan Microsoft ya riga ya tashi tare da Windows, to ya riƙe ta, AEHD ko HAXM ba za su samu shiga ba. Kuma abubuwan da ke tayar da haifabaizan Microsoft suna da yawa fiye da yadda ake zato: WSL 2 mai tafiyar da Linux a cikin Windows, da Docker Desktop, da Windows Sandbox, da Credential Guard, da kuma Memory integrity da ke ƙarƙashin Core isolation a cikin Windows Security, wanda yakan zo a kunne a sababbin kwamfutocin Windows 11. Wanda ya nace sai AEHD, dole ya kashe waɗannan duka, har da na tsaro. Ban ga hikimar rage wa kwamfuta kariya don a gwada manhaja ba, alhali WHPX na zaune lafiya da su gaba ɗaya, tunda shi ta hannun haifabaizan Microsoft ɗin yake bi.

Kunna shi ba wuya. Danna maɓallin Windows da R, rubuta optionalfeatures, ka danna Enter. A jerin da zai fito nemi "Windows Hypervisor Platform" ka sa masa alama. Kula da kyau, akwai wani kusa da shi mai suna "Virtual Machine Platform", wannan na WSL 2 ne, ba shi ake nema ba, kodayake barinsa a kunne ba ya cutarwa. Haka kuma ba sai ka kunna cikakken Hyper-V ba, shi ya sa masu Windows Home, waɗanda ba su da shi a jerinsu, su ma za su iya amfani da WHPX. Mai son tagar umarni zai iya buɗe PowerShell da ikon mai gudanarwa ya rubuta:

Enable-WindowsOptionalFeature -Online -FeatureName HypervisorPlatform

Sake kunna kwamfutar. Restart za ka zaɓa, ba Shut down ba, domin tsarin tashi da sauri na Windows yakan adana wani ɓangare na tsohon hali idan kashewa aka yi. Bayan ta dawo sai ka maimaita emulator -accel-check.

Idan har yanzu bai nuna WHPX na aiki ba, abin da ya fi yawan jawo haka shi ne wani ya taɓa hana haifabaizan tashi, sau da yawa saboda bin tsohon jagoran HAXM ko na VirtualBox, wata manhajar tafiyar da inji cikin inji. Buɗe tagar umarni da ikon mai gudanarwa ka rubuta bcdedit kawai, ka nemi layin hypervisorlaunchtype. In ka ga Off, gyara shi da:

bcdedit /set hypervisorlaunchtype auto

sannan ka sake kunnawa. Umarnin systeminfo ma na taimakawa: idan a ƙarshen bayaninsa ya ce "A hypervisor has been detected", to haifabaizan Microsoft ya tashi.

Idan akwai ragowar HAXM a kwamfutar, cire shi. Umarnin sc query intelhaxm zai nuna ko yana nan, ana kuma cire shi daga jerin manhajojin da aka girka, inda sunansa yake "Intel Hardware Accelerated Execution Manager".

Ga wanda ke da dalilin zama a kan AEHD, hanyar ita ce SDK Manager, shafin SDK Tools, a sa alama a "Android Emulator hypervisor driver", a danna Apply. Ana duba shi da sc query aehd, abin da ake son gani shi ne RUNNING. STOPPED na nufin ko VT-x na kashe, ko haifabaizan Microsoft ya riga shi. Ka dai sani Google ta sanar cewa za ta yi ritayar wannan direba, don haka wuri ne na wucin gadi.

Linux

A Linux abin ya fi tsabta, domin haifabaizan, wato KVM, yana cikin zuciyar tsarin tun 2007. Emuleta kuma tana zuwa da nata QEMU, abin da kawai take nema shi ne ta iya buɗe fayil ɗin /dev/kvm. A Ubuntu da Debian akwai ƙaramin kayan gwaji:

sudo apt install cpu-checker
kvm-ok

Amsar da ake so ita ce "KVM acceleration can be used". In ba ta zo ba, duba sudo dmesg | grep -i kvm. Saƙon da ke cewa "disabled by bios" ya gama magana, a koma BIOS. Idan kuma /dev/kvm ne babu alhali BIOS lafiya, ɗora direban da hannu: sudo modprobe kvm_intel, ko kvm_amd ga mai AMD.

Abin da ya fi kama mutane shi ne izini. Android Studio zai ce "/dev/kvm device: permission denied". Rubuta ls -l /dev/kvm, za ka ga fayil ɗin na root ne, ƙungiyarsa kuma kvm. Sa kanka cikin ƙungiyar:

sudo usermod -aG kvm $USER

Kada ka manta da harafin a ɗin nan. Idan ka rubuta -G shi kaɗai, za a cire ka daga sauran ƙungiyoyin da kake ciki, har da wadda ke ba ka ikon sudo. Bayan haka sai ka fita daga asusunka ka sake shiga, rufe tagar umarni kawai bai isa ba. Umarnin groups zai nuna ko kvm ya shiga jerin. Za ka ga masu ba da shawarar chmod 777 /dev/kvm. Yana aiki na ɗan lokaci, amma ana sake ƙirƙirar fayil ɗin duk sanda kwamfuta ta tashi, gobe ka dawo inda kake.

Abu ɗaya kuma: VirtualBox da KVM ba sa riƙe VT-x tare. Idan akwai injin VirtualBox a kunne, kashe shi kafin ka tayar da emuleta.

Mac

Babu abin girkawa. Apple ta sa Hypervisor.framework cikin tsarinta tun OS X Yosemite 10.10, emuleta kuma da shi take aiki. Umarnin sysctl kern.hv_support zai ba da 1 idan komai daidai ne. Inda masu Mac ke tuntuɓe shi ne mataki na gaba.

Kwafin Android ya dace da furosesa

Duk wahalar da aka sha a baya ba ta da amfani idan kwafin Android da aka zaɓa wa wayar kwaikwayon ba na irin furosesan kwamfutar ba ne. Haifabaiza ba ya fassara, miƙa umarni kawai yake yi, don haka dole ɓangarorin biyu su kasance iri ɗaya. Kwamfutar Intel ko AMD tana buƙatar kwafin x86_64, ko x86 ga tsofaffin sigogin Android. Mac mai furosesan Apple, daga M1 da ya fito a 2020 zuwa sama, yana buƙatar arm64-v8a. Mac na Intel kuwa x86_64 ne nasa.

A Android Studio buɗe Device Manager, ka ƙirƙiri sabuwar na'ura, ka zaɓi samfurin waya, sannan a wurin zaɓen kwafin tsarin ka duba abin da aka rubuta a ƙarƙashin ABI, wato irin furosesan da aka yi kwafin dominsa. Waɗanda Android Studio ya ba da shawara yawanci sun dace, matsalar kan taso ne idan mutum ya shiga sauran jerin ya ɗauko da kansa, ko ya kwafo tsohuwar na'urar kwaikwayo daga wata kwamfuta. Wanda ya ɗora sabon kwafin arm64 a kan Intel zai ga saƙon da ke cewa "Avd's CPU Architecture 'arm64' is not supported by the QEMU2 emulator on x86_64 host". Ba a gyara wannan da saiti, sabuwar na'ura ake ƙirƙira.

Akwai masu cewa manhajarsu na ɗauke da laburaren da aka harhaɗa don furosesan ARM kawai, irin na yawancin wayoyi, shi ya sa suke neman kwafin ARM. Tun daga Android 11, wato API 30, Google ta sa wa kwafin x86 masu ɗauke da hidimominta damar fassara irin waɗannan laburare su kaɗai, sauran tsarin kuma ya ci gaba da gudu kai-tsaye. Gwada wannan tukuna.

Idan wayar ta tashi, adb shell getprop ro.product.cpu.abi zai faɗa maka irin kwafin da ke gudana.

Zane

A Device Manager danna alamar gyara na'urar, ka shiga ƙarin saituna, ka nemi Emulated Performance. A wurin Graphics akwai zaɓi uku. Automatic na barin emuleta ta zaɓa da kanta, Hardware na tilasta amfani da katin zane, Software kuma na ɗora zanen a kan furosesa. Ga yawancin mutane Automatic ya wadatar. Amma emuleta kan koma Software a ɓoye idan ba ta yarda da direban katin ba, kai kuma kana ganin wayar na tafiya da ƙyar ba ka san dalili ba. Ga yadda ake kama ta, bayan wayar ta tashi:

adb shell dumpsys SurfaceFlinger | grep GLES

A tagar umarnin Windows sa findstr a madadin grep. Idan layin ya ambaci sunan katinka, NVIDIA ko AMD ko Intel ko Apple, to katin ne ke zane. Idan ka ga SwiftShader, furosesa ne ke ɗauke da kayan.

In SwiftShader ne, fara da sabunta direban katin zane daga shafin kamfanin da ya ƙera shi. Tsohon direba shi ne tushen yawancin matsalolin wannan ɓangare, daga baƙin sikirin zuwa rufewar emuleta ba zato. Bayan nan gwada tilasta katin ta tagar umarni. Umarnin emulator -list-avds zai ba ka sunayen na'urorinka, sai ka rubuta:

emulator -avd SunanNaura -gpu host -no-snapshot-load

Kashin ƙarshe na umarnin yana da dalili. Emuleta na da tsarin Quick Boot, wanda ke adana halin wayar lokacin rufewa ya dawo da shi lokacin buɗewa. Idan ka canja saitin zane, kana son wayar ta tashi daga tushe, kada ta farfaɗo da tsohon hali. A cikin Device Manager ana samun haka ta zaɓin Cold Boot.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: idan na'urar na amfani da kwafin da ke ɗauke da Google Play, akan tarar an kulle zaɓin Graphics, ba ya dannuwa. Umarnin -gpu host na sama yana tsallake wannan kullen. Mai son canjin ya zauna kuma zai iya buɗe fayil ɗin config.ini da ke cikin foldar na'urar, a ƙarƙashin .android/avd a foldar gidansa, ya tabbatar waɗannan layuka biyu haka suke:

hw.gpu.enabled=yes
hw.gpu.mode=host

A rufe emuleta kafin a gyara fayil ɗin. Idan kuma daga baya ka sake ajiye saitunan na'urar ta cikin Android Studio, leƙa fayil ɗin, don yana iya mayar da shi yadda yake.

Masu laftof mai katin zane biyu, ƙarami na cikin furosesa da babba na NVIDIA ko AMD, suna da ƙarin mataki. Windows kan ba emuleta ƙaramin don tattalin batir. Je Settings, System, Display, Graphics, ka ƙara wannan fayil: qemu-system-x86_64.exe, wanda ke cikin emulator\qemu\windows-x86_64 a foldar SDK, ka ba shi High performance. Shi ne ainihin mai aikin, emulator.exe tayar da shi kawai yake yi, don haka wanda ya zaɓi emulator.exe bai canja komai ba. A jona laftof ɗin da wuta kuma, tsarin tattalin batir na rage gudun furosesa da katin duka.

Ba kullum Hardware ne daidai ba. Idan da -gpu host hoto na yagewa, ko launuka na rikicewa, ko emuleta na mutuwa, kuma sabon direba bai magance ba, koma -gpu swiftshader_indirect. Zane zai yi nauyi, amma tunda haifabaiza na aiki, wayar za ta yi amfani don gwajin yau da kullum. Haka ake yi a sabar da ba ta da katin zane, tare da ƙara -no-window.

Idan duk an yi amma nauyin bai tafi ba

To sai a dubi RAM. Google na ba da shawarar aƙalla 16 GB ga mai haɗa Android Studio da emuleta. A kwamfuta mai 8 GB, da Android Studio, da Gradle mai harhaɗa manhaja, da burauza mai shafuka da yawa, da emuleta, sukan cinye komai, tsarin ya fara juye bayanai zuwa faifai, kuma babu saitin haifabaiza da zai hana wannan. A nan ƙara wa wayar kwaikwayo RAM ƙara dagula lamarin yake yi. Tsakanin 2 GB da 4 GB ya ishi yawancin gwaji. Haka batun cibiyoyin furosesa a saitin Multi-Core CPU: kada ka ba ta duka, bar wa kwamfutar aƙalla rabi. Zaɓen samfurin waya mai ƙaramin sikirin ma na rage aiki sosai, don ba kowane gwaji ne ke buƙatar fuskar babbar waya mai ɗimbin ɗigon hoto ba. Idan faifan kwamfutar irin tsohon nan ne mai juyawa, mayar da foldar SDK da ta na'urorin kan SSD zai rage jiran tashi.

Sai batun wanda kwamfutar da yake aiki a kai ita kanta baƙon inji ce, misali Windows a cikin VMware, ko sabar haya a intanet. A nan fasahar VT-x na hannun injin waje, na ciki ba ya ganinta sai an miƙo masa da gangan. A Hyper-V, daga kwamfutar waje, bayan an kashe baƙon injin, ana rubuta:

Set-VMProcessor -VMName SunanInji -ExposeVirtualizationExtensions $true

VMware na da makamancin wannan zaɓi a saitin furosesan injin. A sabar haya kuwa ya danganta da kamfanin da irin injin da aka ɗauka, wasu na bayarwa, wasu ba sa bayarwa. Ko an samu, gudun ba ya kai na kwamfutar gaske, kuma Google ba ta ɗauki wannan tsari a matsayin wanda take tallafawa ba.

Idan wani abu ya ƙi ganuwa, tayar da emuleta daga tagar umarni tare da -verbose, maimakon daga cikin Android Studio. Za ta zubo dogon bayani, amma layukan da kake nema kaɗan ne: wanda ya ambaci "CPU Acceleration", inda za ta ce yana aiki ko ta faɗi abin da ya hana, da waɗanda suka ambaci gpu, inda za ka ga yanayin zanen da ta zaɓa. Ƙara -accel on a umarnin yana sa ta ƙi tashi gaba ɗaya idan haifabaiza bai samu ba, ta kuma rubuta dalilin a fili.